Fetur a Rijiyar Gidan Goggo

Watana huɗu da fara aiki a ɗakin gwajin ruwa aka tura ni unguwar Maamobi in ɗebo ruwan rijiyoyi. Ɗaya daga cikinsu a gidan Goggo take, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni ina ƙarama. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, in famfo ya ɗauke kowa rijiyar nan yake komawa, wanka da wanki har da girki.

Ƙa'idar aikin na haddace ta. Sai an zuƙe ruwan da ya kwana an zubar, a sa sabuwar safar hannu, a cika kwalba har baki, kada yatsa ya taɓa cikin murfi, sannan a saka ta cikin ƙanƙara. Ranar ina tsakiyar zuƙo ruwa janaretan da ke juya injin zuƙar ya mutu, na ƙara masa fetur da kaina. Goggo na tsaye tana gaya wa maƙwabta 'yarta ta zama likitar ruwa. Na koma na cika kwalba na rufe. Sai da motar ofis ta maƙale a cunkoson shataletalen Circle na tambayi kaina ko na canza safa bayan na taɓa jarkar fetur. Na kasa tunawa.

Bayan mako guda sakamako ya fito da alamar fetur. Madam, shugabarmu, ta ce in sanar da mutanen gidan su daina amfani da ruwan. Na je na faɗa. Nan take kowa ya juya yana kallon katangar baya, inda wani dattijo bakanike yake da gareji. Kafin la'asar mai gidan ya fara maganar kai shi ƙara a tashe shi. Da zan fita dattijon ya gaishe ni, ya tambaye ni a hankali ko da gaske aikinsa ne ya ɓata wa mutane ruwa. Na ce ana kan bincike.

Kwana uku ina juya maganar a raina. In na faɗi gaskiya aikina na iya tafiya. In na yi shiru za a kori bawan Allah. Kuma idan na faɗa, alhali shi ɗin ne, na sa aka koma amfani da ruwan fa?

Ran na huɗu na shiga ofishin Madam na faɗa mata komai. 

“Gobe za mu koma tare,” in ji ta. “Ke za ki ɗiba, ni zan riƙe jarka.”

Washegari muka kai janareta can ƙofar gida, na canza safa sau uku. Na sake jiran wani makon.

Sakamako ya fito, babu ko ɗigon fetur. Madam ta rubuta min gargaɗi, ba ta kore ni ba.

Na sami Goggo tana tsince shinkafa, na durƙusa na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

“Ba ni za ki ba haƙuri ba, 'yar nan. Zagaya baya.”

Na zagaya. Dattijon na ƙarƙashin wata tasi, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na yi sallama, na tsaya har ya fito.