Daddawar Mahaifiyata Ranar Ista a Ain Khaled

Shekarun baya, a shekarata ta farko a Doha, bikin Ista ya faɗo cikin watan azumi. Muna haya a wani bene a unguwar Ain Khaled, ni da matata da jaririnmu, sai mahaifiyata da ta zo daga Jos taya jego. Sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, 'yan makonnin nan ne da ake iya buɗe taga a sha iska.

Tun zuwana wani abokina ya ja mini kunne. Ya ce a nan ibada a coci ake yin ta, kada a ji hayaniyar addini daga ɗakina, domin wakilin mai gida ba ya doguwar magana, sai dai ya ce ka tashi. Wakilin nan dattijo ne mai furfura, ɗakinsa yana ƙarƙashin namu. Larabci da guntun Turanci kawai na taɓa ji a bakinsa, har na yanke cewa ɗan Sudan ne. Na sha wuya kafin in samu gidan, kuma ba na son neman wani da jariri a hannu.

Saboda jaririn ba mu je coci ba. Na ɗauki hutu, tunda Lahadi ranar aiki ce a nan, na kafa dokoki: addu'a ƙasa-ƙasa, taga a rufe, ba a kai wa kowa abinci.

"Wace irin Ista ce ba a kai wa maƙwabta?" in ji mahaifiyata.

"Mama, azumi suke yi."

"Ba sa shan ruwa ne?"

Na ce nan ba Jos ba ce. Ta ce to. Kafin azahar ta wangale tagar kicin, ta ɗora dafa-duka da daddawar da ta ƙullo daga gida, tana suyar kaji tana rera waƙar tashin Almasihu da muryar da take cika coci da ita. Ina rufewa tana buɗewa, wai hayaƙi zai shaƙe mata jika.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa, wakilin ne, fuska a ɗaure. Ina buɗewa na fara ba da haƙuri da Turanci. Bai ko dube ni ba.

"Salamu alaikum. Wa ke girki da daddawa a gidan nan?"

Da Hausa ya faɗa. Mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu. "Ni ce, Alhaji. Lafiya?"

"Ina lafiya, Mma? Mutum yana azumi, kin saukar masa da wannan ƙamshi har ɗaki. Rabona da shi tun ina Kumasi."

Ashe ɗan zango ne, unguwar Hausawa a Gana. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na tambaye shi ko waƙar ce ta dame shi.

"Waƙa? Maƙwabtanmu na can har da ganga suke yi. Idan an kira salla dai a sassauta. Amma su, ranar bikinsu, suna aiko mana da namu."

"Ga wanda ya hana," mahaifiyata ta nuna ni da ludayin.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai. "Yalla, shi ke nan, a ajiye mini nawa har magariba. A sa cinya."

Da aka kira salla ni na sauka da kular. Ya karɓa, ya ce in gaida mai jego, kuma daga ranar in daina yi masa gud monin kamar wani Bature.

Ba na cewa abokina ya yi ƙarya. Taka-tsantsan a ƙasar mutane wajibi ne, har yau ina yi. Amma na yi watanni ina tsoron mutumin da ban taɓa tambayarsa daga ina yake ba. Mun daɗe a gidan, yaron ma a can ya fara tafiya. Abin da na fi tunawa shi ne hawowata bene a yammacin nan hannu sake: na tsaya a tsakiyar matakala na sauke numfashi, ina jin mahaifiyata daga sama ta sake ɗauko waƙarta, ban kuma yi saurin zuwa in hana ta ba.