Kirarin Mai Ƙona Rumbu

Har gobe ban manta ranar da muka kai majigi Nahuce ba. Lokacin ni ne mai fassara: hoto na gudana a jikin farin ƙyalle, ni kuma ina riƙe da lasifika ina bayani da Hausa.

Ga ƙa'idar aikin, don ku na baya ku sani. Duk fim ɗin da ya iso ofishinmu na Gusau, sai na fara kallonsa tare da Malam Ɗanjuma, mai kunna na'ura. Inda aka yi sumba ko shan giya mu riƙe wurin, in an zo nan ya kare gilashin na'urar da kwali. Sannan in gaya wa shugabanmu ra'ayina.

Wannan karon fim ne na wani sarkin yaƙi na zamanin da, wanda ya ci ƙasashe. Ya burge ni ƙwarai. Na ce, "Ranka ya daɗe, sumba ɗaya ce kawai, sauran duk jarunta." Ya ce in kula, da ƙyar mai garin Nahuce ya yarda mu shigo, in an yi ƙorafi mun bar zuwa ke nan.

Da muka kunna shi a Nahuce, sumba ta zo, kwali ya yi aikinsa. Can sarkin ya ci wani gari, ya sa aka cinna wa rumbunansu wuta. Ni sarkin baki, na gyara murya na shiga zuba masa kirari, ina jiran shewa. 

Wani tsoho ya dafa sanda ya miƙe.

"Malam, wanga da kake ma kirari, mi mutanen garin za su ci da damina?"

Na ce, "Baba, ai wasa ne."

Ya ce, "Ina yaro, farkon zowar Turawa, masu bindiga sunka yi ma namu haka. Ƙannena biyu ba su ga kaka ba."

Na sauke lasifikar. Mutane suka fara naɗe tabarmi ba hayaniya, mai gari a gaba. Ɗanjuma ya yi sauri ya kare wutar da kwali, amma an riga an gani.

Ba a sake barinmu mun shiga garin ba. Tun daga ranar, kafin in ce fim ya yi, sai na tambayi kaina su wa za su zauna gabansa. Mu a ofis bayan dokin sarki muka hau muka kalla. Mutanen Nahuce kuwa suna cikin garin da aka ci.