Ranar da Na Shanya Littafin Kakana

Ƙarar ɗigon ruwa a kan faranti ce ta tsayar da ni daga guga. Na ɗaga kai, na ga rufin falo yana gumi. A Guangzhou ta ƙasar China akwai wasu kwanaki bayan sanyi da bango da madubi duk suke jiƙewa. Shekararmu ta farko ke nan, maigidana kuma ya tafi garin Shiling duba jakunkuna. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne gafakar kakana da na taho da ita daga gida.

Littafin yabon Manzon Allah ne a ciki, tsira da aminci su tabbata a gare shi, warƙa-warƙa ba ɗinki, kakan ya kwafa da hannunsa. Muna yara a Kano, da damina ta wuce yakan shimfiɗa buzu a zaure ya baza warƙoƙin su sha iska, mu jikoki muna danne su da tsakuwa. Har yau ina jin ƙamshin fatar nan da na tawada. Shi ya gaya mini mawallafin mutumin Andalus ne, ƙasar da yanzu ake kira Sifaniya, inda aka yi malaman nahawu da likitoci da mawaƙa.

"Garuruwansu sun fita daga hannunsu," in ji shi, "amma littafin ya iso zauren nan, don kowane zamani akan sami wanda ya zauna ya kwafa."

To, abin da na gani a gida shi na yi. Na buɗe tagogi duka, na baza warƙoƙin a kan gado. Bayan la'asar maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar China, ta ƙwanƙwasa ƙofa tana nuna tagogin tana girgiza kai. Ashe a kwanakin nan rufewa ake yi, iskar ce ke ɗauke da ruwan.

Warƙa biyar tawadarsu ta narke. Ban yi kuka ba. Na zauna a bakin gado ina bin baitocin da ka, yadda matan gidanmu suke rera su da Maulidi, in ji ko sun zauna mini. Sun zauna.

'Yata, mai shekara tara, wadda ta fi sabawa da rubutun Sinanci a kan na Larabci, ta daɗe a tsaye tana saurare. Sai ta buɗe jakar makarantarta ta ɗauko biro.

"Umma, ki riƙa faɗa a hankali. Rubutuna bai kai na kakanki kyau ba, amma nawa ruwa ba ya wanke shi."