Jan Ƙafafun Angarib

Ku matso, jikokina da masu karatu, ku ba ni kunnuwanku. Ni ban san biro ba, jikata ke rubutawa. Abin nan ko ƙasa ta rufe idona ba na mance shi.

Maigidana masassaƙi ne a Mai Wurno, nan ƙasar Sudan. Da icen bagaruwa na bakin kogi yake sassaƙa ƙafafun angarib, gadon igiya. Wata shekara wata Hajja ta taso tun daga Sinnar, tana son gadon amarya. Kowa ya sani, na amarya ja ne, ba wani launi.

Ya sassaƙa, zane ya fita kamar a lasa. Ya tafi kasuwa sayen buhiya, fentin gwangwani, ya dawo ya buɗe gabana. Na duba, kore shar.

"Kin ga jan nan, uwar yara? Kamar jini."

Ashe yanar da ta fito mai a ido ta kai haka, yana ɓoyewa. In gadon nan ya fita kore, gari ya gane, ba mai sake kawo mai aiki.

Na ce, "Malam, icen nan bai gama shan iska ba, buhiya za ta ɓare. Bar ni da shi."

Ni kuwa tun ina budurwa nake rinin kaba. Na dafa karan dafi da kanwa, ruwan ya yi ja wur, na shafa sau huɗu, sai da itace ya ƙoshi. Cikin zanen na bi da baƙin bagaruwa da tsatsar ƙarfe. Da ya bushe na murje da man riɗi.

Malam ya shafa da hannu, ya sunsuna. Sannan ya ce, "Gwangwanin nan, wane launi ne?"

"Kore ne, Malam."

Hajja ta zo, ta zagaya gadon. "Ma sha Allah, ya usta, gwanin sassaƙa! Ina ka samo jan nan?"

Na yi tsammanin zai yi shiru. Sai ya nuna ni. "Hannu nawa ne, ido nata."

Wallahi har yau in na tuna, sai in ji na ƙara tsawo.

Shekara tara muka yi, yana sassaƙa ina zaɓen launi, har Allah Ya karɓe shi. Hajja ta aurar da 'ya'ya uku a kan gadajenmu. Ni ga ni, hannu na rawa, ido garau. Abin da na koya: in ka rufa wa naka asiri, da bakinsa zai ɗaukaka ka.