Ta'aziyyar da Ta Ƙara Mana Shekara

Maigidana yana da wata cuta: in ya karanta littafi ɗaya, ya zama gwani a fannin. Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, yana digirin dakta a kimiyyar siyasa. Sa hannun malamarsa kawai muke jira mu tattara mu koma Kano, inda Inna, mahaifiyarsa, ke kwance ba lafiya tana tambayar yaushe za ta ga jikokinta.

Malamar 'yar Ireland ce, dattijuwa mai fara'a. Ya gayyato ta cin abinci, ya kwana biyu yana bincike a kan ƙasarta don ya burge ta. Abin da ya tsinto shi ne Ingila ta mulke su kamar yadda ta mulke mu, kuma a yaƙin duniya na biyu sun ƙi shigar wa kowa. Shi ke nan, a wajensa ta zama 'yar uwa a ƙin Ingila.

Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Tana cikin yabon girkina ya gyara zama.

"Prof, ku ne masu hankali," in ji shi. "Kun bar Ingila da wahalarta. Da shugaban Jamus ya mutu ma, naku ya je ofishin jakadancinsu ya yi ta'aziyya. That is tarbiyya! Mu ma ba ma ƙin gaisuwar mutuwa."

Wai mutumin da ya hallaka miliyoyi yake aunawa da ma'aunin zaman makokin unguwarmu. Na taka masa ƙafa, bai ji ba.

Ta ajiye cokali. A hankali ta ce mahaifinta yana cikin waɗanda suka bar sojan Ireland suka shiga na Ingila don su yaƙi Jamus. Da ya dawo aka hana shi aikin gwamnati, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarsa.

Maimakon ya ba da haƙuri, sai gwanin ya ce ai littafin bai faɗi haka ba. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

Ba ta yi fushi ba. Washegari dai ta sake duba aikinsa da sabon ido, ta tarar babi uku a kan littafi ɗaiɗai ya gina su. Ta ce a sake.

Ni ya bar wa kiran Inna. Na ce mata dawowarmu ba bana ba. Ta ce in Allah ya kai mu.