Akanisi Naulu, Matar da Ta Buɗe Mana Mashigar Kasuwa

Duk mai sammakon zuwa kasuwar Lautoka ya san Akanisi Naulu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai furfura da laima a hammata, wadda in ta sauka daga bas ba ta wucewa ofis kai tsaye. Sai ta bi gefen titi a ƙafa, idonta a ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Nan ta taka murfin lambatu ta ji ko yana motsi. Can ta janye allon tallan da mai shago ya kafa a tsakiyar hanya, ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar yara, sannan ta shaida masa gobe ma in ya kafa za ta janye. Mu masu sayar da rogo da gwaza a bakin kasuwa mukan tsokane ta, mu ce in ta tsinci abin da take nema ta sammana. Ita ce ke zana hanyoyin masu tafiya a ƙafa da wuraren tsallaka titi a garinmu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aikinta ya shigo gidana ne shekarar da ciwon suga ya ci ƙafar maigidana, Semesa. Direban motar rake ne, mutum mai fara'a, wanda ake jin dariyarsa tun daga bakin layi. Ranar da ya fara fita a keken guragu ya ce zai zo ya taya ni zama a rumfa. Da ya iso mashigar kasuwa, dakalin gefen titi ya yi masa tsawo, keken ya kife da shi a gaban jama'a, motoci suna ta oda. Tsofaffin abokan aikinsa ne suka ɗaga shi. Bai ji ciwo a jiki ba, amma daga ranar ya shige ɗaki. Ya daina zuwa coci, ya daina zama da maza shan yangona, jiƙon saiwar da ake sha a taron hira, abinci ma sai na yi ta lallashi. Likita ya ce inda aka yanke ƙafar ya warke, ni kuwa ina kallon mijina yana ƙarewa a gabana.

Labarin ya isa kunnen Akanisi ta bakin Baba Harish, wani dattijo makaho mai sayar da soyayyar gyaɗa kusa da rumfata, wanda ta daɗe tana shawara da shi. Wata Asabar sai ga ta a gidanmu da damin saiwar yangona, kamar yadda baƙo ke yi a al'adarmu. Ta zauna a tabarma ta ce, “Yaya Semesa, ba jaje na zo yi ba. Zan gyara mashigar nan, amma ni ƙafafuna biyu ne, idanuna biyu, ban san inda ke ciwo ba. Ka zo ka nuna mini.”

Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce ta je ta tambayi waɗanda suka ɗaga shi, sun fi shi ganin abin.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma fasa zuwa ba. Da ta ga ba ya motsi sai ta zo da Baba Harish. Tsohon ya lalubi kafaɗar mijina ya ce, “Kai ɗan nan, ni da ban taɓa ganin titin ba kullum ina tsallaka shi. Kai da ka yi shekaru kana firgita mu da odarka, kai ne za ka ɓuya? Tashi. Ni in tura, kai ka zama ido.” Ranar na sake jin dariyar Semesa, na shiga kicin na share hawayena.

Haka su ukun suka riƙa zagaya gari. Mijina ya nuna inda taya ke maƙalewa, Baba Harish ya nuna inda sanda ke ɓatar da shi, ita kuma tana saurare. Aka fasa dakalin aka yi gangara mai sauƙi. Aka shimfiɗa tayil masu ƙulle-ƙulle da sanda da tafin ƙafa ke ganewa. Aka kafa maɓallin da ke ƙara yana kuma bugawa a tafin hannu in lokacin tsallakawa ya yi, aka ƙara wa fitilar tsayar da motoci ɗan jinkiri saboda masu nauyin jiki. Masu shagunan da suka rasa wurin ajiye mota sun yi ta ƙorafi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sha shayinsu, ta sha faɗansu.

Ruwan farko na damina ya nuna wani kuskure: ruwa ya kwanta a gindin gangarar, keke ba ya wucewa. Mun gan ta tsaye cikin ruwan har idon sawu, tana gaya wa leburori kada kowa ya zarge su, zanenta ne ya gaza. Ta sake zanawa, aka sake ginawa.

Akanisi, ke ce kika tambayi waɗanda ba a saba tambaya ba. Ke ce allura, kin ɗinke gari ba a ga inda kika bi ba. Babu allo mai sunanki a ƙofar makaranta ko a gaban asibiti, amma mai goyo da mai tura baro da tsohuwa mai sanda duk a kan aikinki suke bi. Mijina yanzu shi ke auna wa masu saye rogo, yana cika musu kunne da surutu.

Mun gode, uwa ma ba da mama. Wanda zai gaje kujerarki, ya fito ya taka ƙasa, ya tambayi makaho da gurgu kafin ya ja layi. Mai shago ya kawar da kayansa daga hanya ba sai an roƙe shi ba. Direba ya yi haƙuri har tsoho ya kai wancan gefen.

Shekaranjiya ta tsaya a rumfata tana dafe da gwiwa, ta ce sanyin ƙashi ya fara taɓa ta, ba da daɗewa ba ita ma sai da sanda. Baba Harish ya miƙa mata ƙullin gyaɗa ya ce ta zo kawai, su za su koya mata hanya. Allah ya sa hanyar da kika shimfiɗa wa wasu ta yi wa ƙafarki laushi.