Gafarar da Yaya yake nema

Salamu alaikum, ƴan uwa da abokan arziki. Da yawa kun ɗauka na daina shigowa nan. Ina nan, shiru kawai na yi, shekara da shekaru ina haɗiye magana.

Jiya Kawu ya taso takanas daga Jiratawa, wai in yafe wa yayana, don bana Yayan zai koma aikin Hajji. To bari ku ji abin da ake so in yafe.

Masu sayen turaren wuta da humra wurina a Sabon Gari sun san ni. Shi kuma ba zan kama sunanshi ba. Ya san kanshi, kuma na san za a kai mishi.

Lokacin korona ne, da aka fara buɗe hanyar Umra, Yaya ya shirya tafiya. Ba a hawa jirgi sai da takardar gwaji. Hanya biyu aka nuna mishi: ya je a sa mishi tsinken auduga a hanci ya jira sakamako, ko ya ba wani ɗan kamasho sunanshi, takarda ta iske shi har gida. Ya zaɓi ta biyu. Da bakinshi ya faɗa mana, yana dariya, ranar da muka taru bankwana gidan Inna, mahaifiyarmu, a Tibiri.

"Ni za a zura wa tsinke a hanci? In suka ce ina da ita, wa zai maida mini kuɗin jirgi?"

Yana faɗa yana tari, ido jawur. Inna ta ce, "Alhaji, jikinka da zafi fa." Ya ce sanyin mota ne. Aka kawo tuwo da miyar kuka, ya ce Inna ta manta daddawa, alhali tun daga zaure ake jin ta. Ya durƙusa, ya riƙe hannuwanta yana neman gafara, yana huci a fuskarta. Furar ma da ludayi ɗaya muka sha.

Bai daɗe da tashi ba jikina ya fara ciwo. Na ce zazzaɓin sauro ne, na aika aka sayo magani. Sai wata safiya na zuba turare a kasko, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, ban ji komai ba. Ni da hanci ne jarina! Nan gabana ya faɗi.

Daga nan numfashi ya fara gagarata. Daga ɗaki zuwa bayi sai na zauna na huta.

Maigidana ya kai ni asibiti. Suka sa mini tsinken nan da Alhaji ya fi ƙarfinshi. Ɗan hawaye, atishawa ɗaya, shi ke nan. Wallahi iyakar abin da ya guje wa ke nan.

Aka keɓe ni. Abinci a bakin ƙofa ake ajiyewa. Ma'aikata sun rufe jiki ruf, ido kawai kake gani. Robar iska a hanci, ƙarin ruwa a hannu, kwanciya rub da ciki har ƙirji ya yi tsami. Likitar ta ce, "Hajiya, bar magana, ki tattala numfashinki."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Matar da ke gadon kusa da ni, na farka na ga an naɗe katifarta.

Takardar magani kan takardar magani. Babur ɗin maigida ya tafi, sarƙata ta zinari ta bi shi.

Kullum a waya ina tambayar Inna, maigidana ya ce, "Tana gaishe ki." Ashe Inna tana cikin ginin nan, bango ne tsakaninmu. Ga ciwon suga, ga tsufa. Ba ta jima ba. Sai ranar da aka sallame ni, muna cikin mota, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna lokaci ya yi."

An rufe uwata ina can ina kokawa da numfashi. Ban yi mata wanka ba. Ban ga fuskarta ba.

Yaya kuwa? Ya ɗan kwanta a masauki can, ya miƙe garau. Ya dawo da zamzam da dabino, ya baje kan tabarma yana karɓar gaisuwa, yana ce wa mutane ƙaddara ce. Har yau bai taɓa duban idona ya ce "na yi kuskure" ba.

Na yi watanni kafin in iya share tsakar gida ba tare da haki ba. Abin da na fara ji da hancina albasa ce maƙwabciya ke soyawa. Na zauna na sha kuka. Har gobe ɗiyata ce ke shinshina mini haɗin humra kafin in ɗura a kwalba.

Jiya Kawu ya ce, "Ɗiyata, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ajali na Allah ne."

Na ce, "Kawu, na yarda da ajali. Amma takardar nan da hannunshi ya saye ta, yana dariya."

Alhamdu lillahi da Ya tashe ni. Likitoci da ma'aikatan da suka shiga ɗakin da kowa ke gudu, Allah ya biya ku. Maigidana, Allah ya bar mu tare. Maƙwabtan da suka riƙe mini yara, ba ni da bakin godiya.

Shawarata: duk ranar da wata annoba ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, aka ce sai da gwaji, ku je inda za a gwada ku da gaske. Wanda ya ce zai ba ku takarda ba tare da ya taɓa ku ba, ku guje shi. In kana tari da zazzaɓi, yi bankwana ta waya, kada ka shiga ɗakin tsohuwa. In ƙamshi ya ɗauke, tafi asibiti a ranar.

Kai kuma Yaya, in an karanto maka: Inna ta yafe maka ranar nan don ba ta san abin da ka kawo mata ba. Ni na sani. Ka je ka yi ɗawafinka, amma kada ka aiko kowa ƙofata. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da kai.